Fijon Malam da Kwamfutar Dakta

A gidan Bahaushe na ƙauye abu ba ya mutuwa sau ɗaya. Tukunya in ta tsage sai ta bar murhu ta koma kaskon ruwan kaji. Zane in ya koɗe ya zama tsumma, tsumma kuma ya zama gammo. Kwanon rufi in ya huje a sauke shi daga kan ɗaki a kewaye makewayi da shi. Saboda haka duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san cewa idan aka kawo sabon abu, ba kuɗinsa kaɗai ake tambaya ba. Akan ce, in ya lalace wa zai gyara? In kuwa ya ƙi gyaruwa, me za a yi da gawarsa? Da wannan ma'auni aka auna duk abin da ya taɓa shigowa ta zaurenmu, tun daga keke har mota, kuma da shi aka auna kwamfutata. Yadda ta kaya tsakaninta da mutanen gidanmu shi ne abin da nake so in ba mai karatu labari.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a kudu da Jos, tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, a kan tsaunin nan da tudunsa ya haura mita 1,200, inda ɗari kan sa ruwan randa ya gagari hannu da asuba. Kuza ce ta kafa ƙauyen. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun san narka ta, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Ingila suka yi sansani a Naraguta, suka bi rafuka suna tono. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya domin kwasar ta, a 1929 kuma aka kafa kamfanin NESCO wanda ya jawo wutar lantarki daga ruwan Kurra zuwa injunan haƙa. Da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Kakanmu yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina. Da wa'adinsa ya cika bai koma ba. Ya aika aka kawo masa matarsa da ɗansa na fari, wato Baffa, wan mahaifinmu, ya yi bukka a gefen bariki. Bukkar nan ita ce tushen gidan da muke ciki.

Wanda ya zagaya gidan a yau zai ga tarihin kuza a jikin kowane gini. Giginya ba ta da yawa a kan tsauni, don haka guntayen ƙarfen dogo ne suka tsaya a matsayin azara a zaure. Indararon ɗakin Inna tsohon bututun wankin kuza ne da aka tsaga biyu. A turke, awaki suna cin dusa a cikin kwanon sarki, irin wanda mata suka yi ta dakon ƙasa da shi daga rami zuwa mawanka. Akwai rumbuna uku, biyu na masara ɗaya na acca. Akwai ɗakin dankali, mai duhu, mai ƙananan tagogi a sama don iska ta ratsa kada irin shuka ya ruɓe. Akwai akurki, akwai sito inda ake tara duk abin da bai sami sabon aiki ba tukuna, sa'an nan akwai shago a bakin zaure, wanda ya kasance ɗakin samarin gidan tsara bayan tsara. Bayan gida shingen ƙerana ne, irin na maƙwabtanmu Birom, daga gare su kakanmu ya koya. Can ƙasa kuma ga kududdufin da kamfani ya bari. Ya ci awaki, ya taɓa cin yaro, amma bayan farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, aka sallami sauran ma'aikata, ruwansa ne ya rufa wa ƙauyen asiri. Da shi ake noman rani na dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir, ana kai wa kasuwar Farin Gada. Har ramin da aka bar mana sai da muka samar masa aiki.

Abin hawa na farko a gidan keken Baffa ne, Raleigh baƙi, mai akwatin sarƙa. Shekara arba'in yana hawansa, kuma yakan ce ba abin da ya rage a jikinsa na asali sai ƙararrawa. Amma sarauniyar gidan ita ce motar mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam: Peugeot 504 fara, ɗaya daga cikin waɗanda aka rinƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda bakin mutanenmu ya mayar Fijo. Ya saye ta ne a hannun wani akawun kamfani a 1983, da kuɗin dankali. Ya yi mata rumfa a kan ɗan tudu a ƙofar gida, yakan kuma ajiye ta fuskarta na kallon gangara, domin da hunturu batir ba ya iya tayar da ita. Mu yara mu ne batirinta. Da an idar da sallar asuba sai mu fito hannuwa a hammata, mu dafa bayanta mai sanyin ƙanƙara, mu tura. Ta yi tari sau biyu, ta yi atishawa, sa'an nan ta kama.

Babu amaryar da aka kai ɗakinta a ƙauyenmu cikin shekara talatin ba a motar nan ba, ko ta masallaci ce ko ta coci. Ta kai masu naƙuda asibitin Vom da tsakar dare. Ta ɗauki gawa. Ta ɗauki buhunan taki har bayanta na shafar ƙasa. Duk wannan wahala ba ta kashe ta ba, domin tana da likita: wani makaniki Birom, abokin Malam tun suna yara, wanda muke kira Baba. Baba ba ya buɗe mota sai ya saurare ta. Yakan sa a tayar, ya karkata kai, ya ce kafireta ce, ko filogi na uku ne. Tanki in ya yoyo a hanya a liƙe da sabulu, fambel in ya tsinke a yanki roba a ɗaure har a isa gari. Kuma ba Baba kaɗai ba, daga nan har Maiduguri babu garejin da za ta mutu a ƙofarsa a rasa yaron da ya san cikinta. A watan Satumba na 2001, lokacin da rikici ya ɓarke a Jos, ina ɗalibi a jami'a. Malam da Baba ne suka shigo da ita suka ɗauke ni, tare da 'ya'yan maƙwabta biyu. Inda aka tare hanya, in matasan Musulmi ne Malam ya leƙa ya yi magana, in na Kirista ne Baba ya leƙa ya yi yare. Haka muka iso gida, ba wanda ya ce uffan a cikin motar sai injinta.

Malam ya rasu a 2015. Ƙanena ya ci gaba da lallaɓa ta har 2018, sa'an nan ta kwanta a rumfarta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ba wanda ya sake maganar tayar da ita. Babur ne ke kai dankali bakin titi, yara kuma na jan amalanke. To amma ku dubi yadda ta watsu a cikin gida. Kujerunta na baya suna zaure, a kansu ake karɓar baƙi. Tayarta ɗaya ta zama bakin rijiya, tsohon tif ɗinta ya zama guga. Kaji sun mayar da but ɗinta wurin ƙwai. Injinta kuwa Baba ya cire ya sa wa wata Fijon da ke jigilar kaya daga Bokkos. Inna takan ce motar Malam ba ta mutu ba, rabon gado aka yi da ita.

A cikin wannan gida ne na shigo da kwamfuta a 2008, ina shirin karatun digiri na biyu. Aka share mini shago, aka sa tebur. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ta, ta ce, “Kai, wannan akwatin me yake ci?” Na ce wuta. Ta ce, “To, ya zo gidan yunwa.” Sa'an nan ta yi tambayar gidanmu: in ya lalace wa zai gyara? Na ce sai an kai Jos. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta aiko da tsohon zane a rinƙa lulluɓe shi.

Wahalar kwamfuta a ƙauye ba ta da iyaka. Wuta takan zo kamar baƙon da bai yi sallama ba, ta tafi ba ban kwana. In ta zo da rauni kwamfuta ta ƙi tashi, in ta zo da ƙarfi ta ƙona abin caji. Ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashin madannai har wasu haruffa su ƙi fita sai da duka. Kiyashi suka taɓa yin gida a cikinta don ɗumi. Da intanet ya zo, sabis bai san shago ba, sai a kan wani falalen dutse da ke bayan rumbuna, wanda yaran gida suka raɗa wa suna ofishin Dakta. A can nakan zauna da bargo, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, don in aika da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Duk waɗannan abin dariya ne, ana ba da labarinsu a zaure. Akwai kuma wadda ba ta dariya ba.

Daga 2009 zuwa 2012, duk hutun da na zo gida nakan zauna da Baffa bayan la'asar, in kunna ƙaramar na'urar ɗaukar magana. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kawo shi bariki, ya fara da dakon ruwa, ya yi lebura, ya kai har heluma. Ya san sunan kowane rami da laƙabin kowane Bature. Ya san yadda ake auna kuza a biya mutum, da yadda awo kan ragu in mai awo bai ga dama ba. Ya ba ni labarin mutanen ɗiban gwamna da aka kawo daga ƙasashe masu zafi da riga ɗaya a jikinsu, ɗari da ciwon haƙarƙari suka yi ta ɗauke su a bukkokin ciyawa. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya rera waƙar da ake yi in ana tura kura a kan dogo, ya yi dariya, ya yi tari, ya ce, “Rubuta, ɗana, kada su ce ba a yi ba.” Na juye muryarsa a kwamfuta, na zauna dare da rana na buga maganarsa kalma bayan kalma, ta kai shafi ɗari huɗu. Baffa ya rasu a 2014.

A nan sai na yi wa mai karatu bayanin wani abu da ya shafi rubutunmu. Haruffan nan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 aka tsayar da su a rubutun boko, amma waɗanda suka ƙera kwamfutocin farko ba su san da su ba. Sai wasu malamanmu suka yi dabara a shekarun 1990, Allah Ya saka musu, suka zana wani salon haruffa wanda ya ari mazaunin wasu alamomi da Hausa ba ta cika bukata ba. Ka danna alamar baka, sai ƙ ta fito a fuskar kwamfuta. Da wannan dabara aka buga littattafai da mujallu da kundaye masu yawa, da ita kuma na buga maganar Baffa. Sai dai in aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan salo, aron yakan koma ga mai shi: ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya.

A daminar 2021, cikin watan Agusta, tsawa ta faɗa kan falwayar da ke ƙofar gidanmu. Ta kashe talabijin uku a unguwa, ta kashe kwamfutata. Faifan da na yi kwafi a kai tun da daɗewa, laima ta riga ta cinye shi. Na nannaɗe ta a zanen Inna na kai wa wani mai gyara a cikin Jos. Bai saurare ta ba kamar yadda Baba ke sauraren mota, domin ba ta da abin faɗa. Ya kwance ta, ya shinshina, ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba a gyara ta, sauyawa ake yi.” Ya ce zai gwada ceto abin da ke ma'ajiyarta. Bayan mako biyu ya kira ni. Murya ta tafi baki ɗaya. Rubutu ya fito. Amma yaron shagonsa, da ya ga shafuka cike da baka da ƙugiyoyi, ya ɗauka dattin da tsawa ta bari ne, ya share su duka don ya kyautata mini. Ya miƙo mini aikin yana murmushi.

Na buɗe na ga Hausa an fille mata kai. Ƙasa ta koma asa, ɗaya ta koma aya, baƙi ya koma bai, daɗi ya koma dai. Galibinsu Bahaushe zai gane daga zubin magana. Inda Baffa ya ce Bature ya yi musu alkawarin “ari” bayan yaƙi, na san ƙari ne. Inda ya ce “ari” ya sauko a watan azumi, na san ɗari ne. Amma sunayen ramuka da laƙabin mutane da kalmomin aikin da suka mutu tare da aikin, ba ƙamus ɗin da zai mayar musu da kawunansu. Akwai kuma inda ya ce, “A shekarar nan ce uwarmu ta yi ari.” Ƙari ne ya fito mata a jiki, ko ɓari ta yi? Shekara goma ta wuce tun da na ji maganar, kunnena bai riƙe ba, kuma bakin da ya faɗa yana ƙasa.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, shi ya ba ni lokaci. Na buga shafukan a takarda, na koma gida. Kullum da yamma sai mu zauna a rumfar mota, a inuwar Fijo, ni da Inna da Baba, wani lokaci da wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta yi wankin kuza tun tana budurwa. Inna ba ta karanta boko, amma ta zauna da surukarta shekara ashirin. Ina karantawa, in na zo wurin da kalma ta gurgunce sai in tsaya. Da na karanta jimlar nan, Inna ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Ɓari ne. Cikin wata shida, a hanyar mawanka, da kwanon sarki a kanta. Namiji ne. Ita ta faɗa mini ranar da na haife ka.” Na sa wa kalmar ɓ ɗinta da biro. Ashe mahaifinmu yana da wani wa da ba a taɓa lissafawa ba.

Aikin da na zaci na mayar da ƙugiyoyi ne sai ya zama wani abu dabam. Baba ya gyara sunayen ramuka, ya kuma faɗi sunayensu na Birom tun kafin a tona su, da gonar wanda aka ƙwace aka yi kowanne, abin da Baffa bai taɓa ambata ba, domin shi baƙo ne ya tarar da rami. Suka yi musu da Inna a kan shekarar da aka rufe wani bariki, har sai da aka kira liman ya raba. Tsohuwar nan ta tuna karin waƙar tura kura, ta rera, muryarta na rawa, jikokin gida suka kama. Da muka kai shafin ƙarshe, gefen takardun ya cika da ƙarin da ya kusa kai rabin asalin. Muryar Baffa dai ba ta dawo ba. Tarinsa da dariyarsa da Katsinancin da bai bar harshensa ba bayan shekara saba'in a kan tsauni, waɗannan sun tafi da tsawa, kuma har yau in na tuna nakan ji abin a ƙirjina.

Mu malaman adabi mun saba gaya wa ɗalibai cewa adabin baka yana cikin haɗari, a hanzarta a rubuta, a ɗauka a na'ura. Gaskiya ne, ina kuma nan a kai. Amma zaman rumfar nan ya ƙara mini wani karatu. Abin da ya raya motar Malam shekara talatin da biyar a hannunmu shi ne yawan hannuwan da suka san cikinta. Labarin kakarmu ma ya tsira ne don ta faɗa wa surukarta a ɗakin jego. Kwamfuta ta fi rumbu ɗaukar kaya, amma rumbu ne wanda ba mai iya leƙawa cikinsa a duk faɗin ƙauyen, mabuɗinsa kuma na hannun mutum ɗaya. A yau haruffanmu sun sami mazauninsu na kansu a tsarin Unicode, wayar hannu ma tana rubuta su, kuma ana iya ajiye rubutu a intanet inda tsawa ba ta kaiwa. Alhamdu lillahi. Sai dai ajiyar can tana da kalmar sirri da kan mutu da mai ita, wata kuma tana da kuɗin haya da ake biya da dala. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tarihin gida jinka ne.

Na sake buga littafin Baffa da ƙarinsa, na ɗinke kwafi biyar. Ɗaya yana ɗakin karatu na sashenmu, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin Baba, ɗaya na aika wa danginmu na Katsina. Na biyar yana cikin akwatin Inna, tare da turare da zannuwan da ba ta ɗaurawa, jikokinta kan karanta mata in sun zo hutu. Gawar kwamfutar kuwa ta yi shekara guda a sito, ita kaɗai ce abin da aka rasa wa aiki, har Inna ta lura da nauyinta ta ɗora ta a kan murfin durom ɗin masara don kada ɓera ya ɗaga.

Ga ɗalibanmu da ke karanta wannan mujalla: yawancinku kuna da tsoho ko tsohuwa a gida da ya ga abin da babu shi a littafi. Ku ɗauki maganarsu a waya, ku rubuta. In kun gama, ku koma ku karanta musu a gaban jama'ar gida, ku bari a yi muku gyara, a yi musu, a ƙara. Ku bar kwafi a inda aka ba ku labarin. Allah Ya jiƙan Baffa da Malam, da waɗanda ɗari ya ɗauke a barikokin kuza ba a rubuta sunayensu ba. Amin.